Billund, Garin da Bulon Roba Ya Raya

Billund ƙaramin gari ne a tsakiyar yankin Jutland na ƙasar Danmak. Mazaunansa ba su wuce 7,000 da 'yan kai ba, kuma yau ko layin dogo bai ratsa ta cikinsa ba. Wanda ya biyo jirgin ƙasa sai dai ya sauka a Vejle, ya hau bas ya ƙarasa tafiyar kusan kilomita 30. Amma a wannan ɗan garin ne filin jirgin sama na biyu mafi girma a ƙasar yake, kuma duk shekara baƙi sama da miliyan ɗaya da rabi ke tururuwa zuwa cikinsa. Abin da ke kawo su kuwa wani ɗan bulon roba ne da bai kai tsawon ɗan yatsa ba, wanda duniya ta sani da suna Lego.

Hutu na je wajen Yayana a Hamburg ta ƙasar Jamus, lokacin bazararsu, aka yi sa'a yaransa ma suna hutun makaranta. Sun daɗe suna roƙon a kai su Legoland, filin wasan yara na Lego da ke Billund. Ni malamar firamare ce, shi ya sa Yaya ya ce, "Ke da kullum kina cikin yara, ai ke ma ya kamata ki ga wurin nan da idonki." Muka yi sammako, ni da shi da matarsa da yara uku: babban ɗansa, sai mai bi masa wadda ta ci sunan mahaifiyarmu, sai Auta. Hanya miƙaƙƙiya ce zuwa arewa, a bi ta Flensburg a tsallaka iyaka, a wuce Kolding, sannan a karkata yamma. Tafiyar kamar awa uku ce. Ƙasa shimfiɗaɗɗiya, gonaki kore shar, shanu, da manyan fankokin nan masu samar da lantarki daga iska.

Ga wanda bai taɓa riƙe bulon ba, ga yadda yake. A samansa akwai 'yan maɓallai takwas, biyu-biyu sahu huɗu. Cikinsa rami ne da 'yan bututu uku. In ka ɗora wani a kan wani ka danna, sai bututun na sama su cije maɓallan na ƙasa, ya kama ƙam, babu gam babu ƙusa, amma kuma ƙaramin yaro na iya ɓamɓare shi da hannu ya sake gini. Ranar 28 ga Janairu, 1958 aka shigar da rajistar wannan dabara, kuma bulon da aka yi a wancan lokacin yana shiga cikin wanda aka yi bana daidai wa daida. Duk abin da za ka gani a Billund, a kan wannan 'yar dabara ya tsaya.

Da muka shiga, yara na jan mu zuwa wajen lilo, amma hanya ta bi da mu ta gefen Miniland, kuma a nan muka maƙale har rana ta ɗaga.

Miniland fili ne a sarari da aka gina garuruwa a cikinsa da bulo kusan miliyan 20. Yawancin gine-ginen an rage girmansu ne sau 20, wato abin da yake mita 20 a gaske, a nan mita 1 ne. Ga Nyhavn ta birnin Kwapanhagan da gidajenta jere a bakin ruwa, wannan ja, wancan ruwan ɗorawa, na gaba shuɗi, jiragen ruwa a ɗaure a gabansu. Ga fadar Amalienborg, gidan sarautar Danmak, da dogarai masu dogayen baƙaƙen huluna. Ga magudanan ruwan Amsterdam da gadojinsu, ga tsofaffin gidajen katako na Bergen ta ƙasar Norwe, ga filin jirgin saman Billund ɗin kansa, jirage na tafiya a ƙasa suna juyawa. Komai yana motsi. Jirgin ƙasa ya shige rami ya ɓullo ta can, mota ta tsaya ta ba wata hanya, gada ta ɗaga jirgin ruwa ya wuce sannan ta sauko.

Mutanen cikin garuruwan su ne suka fi ɗaukar hankalina. Tsayinsu bai wuce tafin hannu ba, kuma ba su da ido ba su da baki, 'yan bulo ne kawai aka jera. Duk da haka kallo ɗaya za ka yi ka gane wannan tsoho ne, wancan sauri yake yi, waɗannan biyun hira suke. Da ɗan karkata wuya da inda aka sa hannu aka fitar da duk wannan. Itatuwan kuwa ba na roba ba ne, tsirrai ne masu rai da ake yi wa aski don kada su fi gidajen tsayi. Na tarar da wani ma'aikaci, dattijo da furfurarsa, durƙushe a kan wata 'yar katifa yana datse reshe da ƙaramin almakashi, yana ja da baya yana duba, yana komawa. Na daɗe a tsaye ina kallonsa, bai ma san ina yi ba. Rana da ruwan sama da sanyi suna kashe kalar bulon a hankali, don haka aikin gyara a wurin nan ba ya yankewa.

Akwai wani sashe da aka kwaikwayi mashigar ruwa ta Göta da ke ƙasar Suwidin, inda jirgi ke hawa tudu ta cikin ruwa. A nan babban yaron ya tsaya cak. Ɗan jirgin ya zo ya shiga wani akwati, ƙofa ta rufe a bayansa. Ruwa ya fara shigowa ta ƙasa, jirgin na ɗagowa sannu a hankali har ya daidaita da ruwan da ke gaba. Sai ƙofar gaba ta buɗe, ya shiga akwati na biyu, aka sake. Yaron ya juyo ya ce, "Gwaggo, wane ne ke ɗaga shi?" Na ce, "Bar kallon jirgin, kalli bangon akwatin." Ya tsuguna ya kafa ido a bango, inda ruwa ke haye sahun bulo ɗaya bayan ɗaya. Da wani jirgin ya zo yana saukowa, ruwan na raguwa, sai ya miƙe da ƙarfi ya ce, "Ruwan ne! Ruwan sama ne ke gangarowa ya cika na ƙasa!" Na sha zana irin wannan a allo da alli, ina bayani har muryata ta dushe, amma ban taɓa ganin ya shiga kan yaro da sauri kamar yadda ya shiga a ranar nan ba.

Muna zagayawa sai matar Yaya ta dafa ni ta ce, "Ikon Allah, dubi agogon Makka!" Can gefe an tsayar da wasu daga cikin gine-gine mafiya tsayi a duniya, ciki har da Burj Khalifa ta Dubai mai mita 828 da hasumiyar agogon da ke kallon Harami, mai mita 601. Waɗannan an rage su fiye da sauran, amma duk da haka sai ka ɗaga kai. Ta tsaya tana nuna wa yara jinjirin watan da ke ƙololuwa, tana gaya musu ta inda take hango shi lokacin da ta je Umara. Ban zaci zan ga wannan a wani ƙauyen Turai ba, kuma ya yi min daɗi.

Asalin Miniland ma labari ne. A shekarun 1960 mutane kan zo masana'antar Lego don kawai su ga samfuran da ake ginawa, har suka kai wajen 20,000 a shekara, suna hana ma'aikata sakat. Sai Godtfred Kirk Christiansen, ɗan wanda ya kafa kamfanin, ya ga gara a fitar da samfuran waje a yi musu fili. 'Yar uwarsa Dagny Holm ce ta jagoranci masu ginin, kuma hannunta ne ya tsara kamannin da wurin ke da shi har yau. Aka buɗe ranar 7 ga Yuni, 1968. A wannan kakar ta farko kaɗai mutum 625,000 suka shiga.

Abu na biyu da ya tsaya min a rai shi ne makarantar tuƙi ta yara. Ana yin rajista tun da wuri a ba ka lokaci, kuma kuɗinta daban ne. Yaran da suka kai shekarun firamare ake karɓa. Kafin kowa ya taɓa sitiyari sai an zaunar da su an koya musu doka: a bi hannun dama, ja a tsaya, kore a wuce, ga yadda ake shiga shataletale, ga wanda ke da hanya. Kowane yaro a ba shi 'yar tutar harshen da yake ji a liƙa a motarsa, don malamai su san da wane yare za su yi masa magana. Namu suka ɗauki ta Jamus. Motocin na lantarki ne, kuma ba a kan dogo suke ba, yaron ne da kansa ke juya su, in ya kauce ya kauce. Iyaye kuwa duk a bayan shinge.

Takwarar Mama yarinya ce mai kunya, a gida ma da ƙyar ake jin muryarta. Da ta fito daga layi sai ta nufi hannun hagu. Yaya ya riƙe shinge yana kira, "Mamana, dama! Hannun dama, Mamana!" Ba ta ko waiwayo ba. Malamin ya yi magana ta lasifika cikin natsuwa, ta gyara da kanta. Can ta iso wata mahaɗa, danja ta nuna ja, babu mota ko ɗaya da ke zuwa ta kowane ɓangare. Wani yaro ya zagaye ta ya wuce abinsa. Ita kuwa ta tsaya, hannu biyu a kan sitiyari, ta miƙe wuya tana kallon fitilar har ta koma kore. Da aka gama aka ba kowa lasin tuƙinsa. Ta fito tana riƙe da shi da hannu biyu, ta wuce babanta ta wuce mamanta, ta zo ta miƙo min ta ce, "Gwaggo, kin ga na tsaya?" Na ce na gani, Mama, kowa ma ya gani.

Sauran wasannin irin waɗanda ake samu ne a manyan wuraren shaƙatawa, sai dai an yi musu ado da bulo. Akwai Dragen, jirgin dogo mai kan dodo, wanda ke fara tafiya a hankali cikin wata fadar da aka cika da mayaƙa da bayin sarki na bulo, kafin ya fito waje ya zura da gudu. Akwai Polar X-plorer, wanda bayan ya gama murɗa ku sai ya tsaya cikin duhu, dogon da kuke kai ya sulluɓe ƙasa mita 5 gaba ɗaya. Yaya da babban yaron suka hau wannan, mu muka jira su a ƙasa. Akwai kwale-kwalen zagaye na Vikings da ba a fita daga cikinsa a bushe. A ƙofar kowanne akwai ma'aunin tsayi, kuma ba a yin alfarma ko da santimita ɗaya ne. Auta bai kai ba a wurare da dama, sai muka kai shi sashen Duplo, wato manyan bulon ƙananan yara da aka fara fitarwa a 1969, waɗanda suka ninka na asali biyu ta kowace fuska don kada yaro ya haɗiye. Can ya samu ƙaramin jirgin ƙasa daidai shi, ya manta da kukan da ya fara.

Wanda muka yi duka tare shi ne wasan 'yan kwana-kwana. Kowane iyali a ba su jar mota, kuma ba ta motsi sai kun yi ta danna wani ƙarfe sama da ƙasa da ƙarfin tsiya. In kun isa gaban gidan da ke "cin wuta", ku diro, biyu su kama famfo, biyu su saita mesa a taga har wutar ta mutu, ku koma mota ku sake dannawa zuwa inda kuka taso. Tsere ake yi da sauran iyalai. Ni da Yaya muka kama ƙarfen, matarsa na riƙe da Auta, manyan biyu na ihu, "Abba, da ƙarfi! Gwaggo, da ƙarfi!" Rabon da ni da Yaya mu haɗa ƙarfi a kan abu ɗaya muna haki muna dariya tun muna yara a gidan mahaifinmu. Wasu 'yan Holan ne suka zo na ɗaya, muka tafa musu, su ma suka tafa mana.

Abinci kuwa daga gida muka taho da shi, don an yarda mutum ya shiga da guzurinsa, kuma akwai tebura a inuwar itatuwa. Matar Yaya ta yo dafa-duka da soyayyar kaza a kula, da cincin, da shayi a filas. Wannan shawara ce ga duk Musulmin da zai je Danmak: ƙasa ce da aladun da ake kiwo a cikinta sun fi mutanenta yawa, naman na shiga abinci iri-iri, don haka ko dai ka zo da naka, ko ka tambaya kafin ka saya, ko ka tsaya a kifi da dankali. In ka tambaya za su gaya maka gaskiya ba tare da ɓata rai ba. Bayan mun ci muka samu wani lungu mai ciyawa, muka shimfiɗa darduma muka haɗa Azahar da La'asar a matsayinmu na matafiya. Mutane na wucewa, babu wanda ya tsaya kallonmu. Muna sallamewa hadari ya haɗo, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya na ɗan lokaci, kowa ya zaro rigar leda daga jaka, kafin a jima rana ta sake fitowa.

A sashen Legoredo, wanda aka yi shi da fasalin garuruwan yammacin Amurka na da, yara sun wanke yashi a faranti suna neman 'yan ƙwayoyin "zinariya", aka musanya musu da lambar wuya. A nan ne kuma aka gina dutsen Rushmore mai fuskokin shugabannin Amurka huɗu da bulo kusan miliyan ɗaya da rabi, ga kuma ƙaton mutum-mutumin Sitting Bull, jagoran mutanen Lakota, wata ƙabilar 'yan asalin Amurka. Aikin hannu ne na ban mamaki, amma ban iya kallonsu a matsayin ado kawai ba. Duwatsun da aka sassaƙa fuskokin nan a jikinsu ƙasar Lakota ce mai tsarki a wurinsu, ƙwace ta aka yi, shi kuma Sitting Bull harbe shi aka yi a 1890. Na gaya wa babban yaron wannan a taƙaice, don a ganina yaron da ya isa ya gane yadda ruwa ke ɗaga jirgi ya isa a gaya masa waye mutumin da yake ɗaukar hoto a gabansa.

Mun kwana a wani ɗakin katako na haya a bayan gari. A wannan lokaci na shekara rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 10 na dare, yara sun yi barci tun gari na da haske, mu manya muka zauna jiran Magariba.

Da safe muka shiga cikin gari. A kan babban titi akwai wani gidan jan bulo da zakuna biyu na siminti a ƙofarsa. Gidan Ole Kirk Christiansen ne, kafintan da komai ya faro daga hannunsa. An haife shi a 1891 a gidan talakawa, ya sayi shagon kafinta a Billund a 1916. Gobara ta cinye shagon da gidansa a 1924, ya gina wannan. A 1932 karyewar tattalin arzikin duniya ta yi tsanani, aikin gini ya tsaya, matarsa ta rasu ta bar masa 'ya'ya maza huɗu. A wannan shekarar ce ya koma yin kayan wasan yara na katako: motoci, jirage, daga baya kuma wata agwagwa mai ƙafafun taya da ke buɗe baki in ana jan ta. Gobara ta sake tashi a 1942, ya sake ginawa. A 1947 injin zubin roba ya iso masana'antarsa, a 1949 suka fitar da bulonsu na farko, wanda suka ɗauko fasalinsa daga na wani Bature ɗan Ingila, Hilary Page. Shi Ole ya rasu a 1958, 'yan makonni bayan rajistar dabarar bututun nan. Da wata gobarar ta cinye ɗakin ajiyar kayan katako a 1960, sai kamfanin ya bar katako gaba ɗaya.

Akwai labarin da Godtfred ya riƙa bayarwa da bakinsa. Yana yaro ya kai agwagin tashar jirgin ƙasa, don a lokacin akwai tasha a garin, ya dawo yana murna ya gaya wa mahaifinsa cewa ya rage wa kamfani asara: shafi biyu na man sheƙi ya yi musu maimakon uku. Uban ya ce ya koma ya kwaso su, ya yi musu shafi na uku, ya sake ɗaure su ya mayar, shi kaɗai, ko da zai kwana yana yi. Kayan wasan yara ne fa, kuma yaron da zai ja agwagwar ba zai taɓa sanin shafi nawa aka yi mata ba.

'Yan taku kaɗan daga gidan zakunan ne Lego House yake, wanda aka buɗe a Satumbar 2017. Kamfanin mai zanen gine-gine Bjarke Ingels ne ya tsara shi, kamar manyan bulo 21 farare da aka ɗora kan juna, na can ƙoli kuma da tagogi takwas masu da'ira a rufinsa. Shi ba wurin lilo ba ne, wurin gini ne, kuma tikitinsa daban yake da na Legoland. Kana shiga za ka ci karo da wata bishiya da ta haura mita 15, an gina ta da bulo sama da miliyan 6, matattakala na zagaye ta har sama. A ƙarƙashin ƙasa akwai ɗakin tarihi, inda na ga agwagwar katakon da idona.

Sama kuwa bulo ne zube a manyan kwatamai, ka tsoma hannu har gwiwar hannu. Ba a ba ka takardar da za ka bi. A wani ɗaki ka gina kifi, ka sa shi a gaban na'ura ta ɗauki hotonsa, sai ga kifinka yana iyo a wani ƙaton allo tare da na sauran mutane. A wani ɗakin ka haɗa mota ka sake ta a gangara. Motar babban yaron ta tarwatse a tsallen farko. Ya tsince gutsattsarin, ya duba, ya ce gaban ya yi nauyi. Ya mayar da tayoyin baya, ya faɗaɗa ƙasan, ya sake saki. Ta kife. Ya sake komawa tebur. Babu wanda ya ce masa ya yi kuskure, babu wanda ya karɓa ya yi masa. Wata ma'aikaciya ta zo ta tsuguna daidai tsayinsa, ta tambaye shi me yake gani ya jawo, ta saurari amsarsa har ƙarshe, ta gyaɗa kai ta tashi.

A nan ne zuciyata ta koma gida, wajen yaran unguwarmu masu ƙera motar kara da ta langa-langa. Yaro zai fere kara, ya yanka tsohon silifa ya yi taya, ya soke da tsinke, ya ja, ta karkace, ya zauna ya gano dalili ya gyara. Aikin da ɗan Yaya ke yi a gaban gangarar nan ke nan, babu bambanci ko kaɗan, kuma namu ma shi ke samo kayan aikinsa da kansa. Amma mu me muke ce masa? Tashi ka bar wannan shirme, ka ɓata kayanka, je ka ɗauko littafi. A makarantunmu wasa abu ne da ake yi in an fita tara, ana kaɗa ƙararrawa kuwa an rufe babinsa. Ba bulon na yi sha'awa ba, don tsadarsa ta fi ƙarfin yawancin iyayen ɗalibaina, kuma kara da laka da kwali suna nan kyauta. Abin da na yi sha'awa shi ne babban mutum ya tsuguna kusa da yaro ya ɗauki abin da yake ƙerawa da muhimmanci, kamar dattijon nan mai almakashi, kamar matar nan da ta tsaya ta ji amsa. Wannan ba ya buƙatar ko sisi, kuma shi ne muka fi rashi.

Kamfanin kansa bai tsira daga jarrabawa ba. A 2003 da 2004 ya tafka asara har ya kusa durƙushewa, dole a 2005 aka sayar da wuraren Legoland ga kamfanin Merlin Entertainments. A 2019 kamfanin jarin iyalin, Kirkbi, ya haɗa kai da wasu masu zuba jari suka sayi Merlin ɗin. Yanzu akwai Legoland a Windsor ta Ingila tun 1996, da Kaliforniya, da Günzburg ta Jamus, da Malesiya, da Japan, da wasu wuraren. Ta Dubai, wadda aka buɗe a 2016, ita ce mutanenmu masu zirga-zirga can za su fi saurin kaiwa gare ta. Mai niyyar zuwa ta Billund kuwa ya sani ba duk shekara take buɗe ba, babbar kakarta daga wajen ƙarshen Maris ce zuwa farkon Nuwamba. Ya sayi tikiti ta intanet tun kafin ya taso, ya riƙe rigar ruwa ko da ya ga rana, kuma ya tuna kuɗin ƙasar krone ne ba yuro ba, ko da yake kati na aiki kusan ko'ina. Ya kuma yi yarjejeniya da yara tun daga gida kan abin da kowa zai saya a kanti, kamar yadda Yaya ya yi, aka fita lafiya ba rigima.

A bakin ƙofar fita daga Lego House an ajiye injin zubi na gaske a cikin gilashi. Ƙwayoyin roba na shiga ta sama, injin ya narka su, ya matse, ya buɗe, jajayen bulo su zubo da ɗuminsu, wata na'ura ta ƙirga shida-shida ta ɗaure a 'yar jaka. Kowane baƙo jaka ɗaya, tare da kati mai sunansa da hoton wata hanya guda ta haɗa bulon shida, wadda ba a ba kowa ba sai shi. Wani masanin lissafi ɗan ƙasar, Søren Eilers, ya ƙirga da kwamfuta ya gano cewa bulo shida irin waɗannan ana iya haɗa su ta hanya 915,103,765. Babban yaron ya sa na karanta masa lambar da Hausa, sannan ya ce shi sai ya samo wata hanyar da ba ta cikin lissafin.

Da wannan suka shiga mota, kowa da jakarsa a cinya, ana ta ƙwas-ƙwas a kujerar baya ana musu kan na wa ya fi wuya. Ba mu yi nisa ba Auta ya fasa kuka, nasa sun koma biyar. Aka duba aljihu, aka duba takalmi, babu. Sai da Yaya ya tsaya a wani gidan mai kusa da Kolding, ya fito da kujerar yaron gaba ɗaya, ya zura hannu a tsagar da bel ke fitowa, ya zaro ɗan jan bulon, sannan muka ci gaba da tafiya.